Me Ka Je Yi, Yaushe Za Ka Dawo? Fashin Baƙi Kan Biza Daga Damagaram

Kawuna ya fi shekara 30 yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole, ƙafarsa ɗaya a Damagaram, ɗaya a Kantin Kwari. Abin da ya sani game da iyaka bai wuce a sauko daga mota, a miƙa kartidantite, a gaisa, a koma mota ba. Da Allah Ya buɗa masa, ya ce shi ma zai fara saro kaya daga Dubai. Ya ba wani mai ajans fasfo da kuɗi, biza ta fito. Sai aka yi rasuwa a gidan surukansa, ya ɗaga tafiyar har bayan sadakar arba'in. Ya hau bas, ya sha kilomita kusan 900 zuwa Yamai, ya isa filin jirgi da sabuwar jakarsa. Yarinyar da ke auna kaya ta buɗe fasfon, ta dubi kwamfuta, ta sake duban fasfon.

"Baba, ku yi haƙuri, ba za ku hau ba. Wata biyar ya rage wa fasfonku, su kuma shida suke so."

Nan take ya kira ni, muryarsa har rawa take yi. "Kai ɗana, ba ga bizar a hannuna ba? Masu ƙasa sun ce in zo, ita wace ce da za ta ce a'a?"

Na ce, "Kawu, ba ita ta hana ku ba. Ƙofofin uku ne, ku a ta biyu kuka tsaya."

Ƙofar farko ita ce ofishin jakadanci, ambasad ke nan, ko shafin intanet na ƙasar idan ta waya ake neman bizarta. Su ke duba dosiye su ce e ko a'a. Ta biyu kamfanin jirgi. Duk fasinjan da kamfani ya kai wata ƙasa aka ƙi karɓarsa, kamfanin ne zai mayar da shi inda ya ɗauko shi, sau da yawa har da tara a kai. Shi ya sa ma'aikatansu ke duba wani kundi na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, mai suna Timatic: a sa masa ƙasar fasfonka da inda za ka da inda za ka yada zango, ya jero sharuɗɗan. Abin da yarinyar ta karanta ke nan. Ranar da aka nemi bizar Kawu, fasfonsa na da wata shida da 'yan kwanaki, zaman makoki ne ya cinye rarar. Ƙofa ta uku ɗan sandan da ke zaune cikin akwatin gilashi a ƙasar da ka sauka, kuma shi ke da wuƙa da nama. Yana iya tambayarka tikitin komawa, da inda za ka kwana, da kuɗin da ke jikinka. In amsar ba ta kwanta masa ba, a jirgi na gaba za a juyo da kai, bizarka garau a fasfo. Biza izini ce ka zo bakin zaure ka yi sallama. Amsa sallamar kuwa sai mai gida.

Ban ga laifin Kawu sosai ba. Tarihinmu bai koya mana neman izini kafin tafiya ba. A zamanin Sarki Tanimun ayarin Ghat da Tarabulus a Zango suke sauke kaya, su huta su wuce Kano. Alhazan da suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya shekaru suke yi a hanya, sana'ar hannunsu ce fasfonsu. Layin da ya raba mu da Daura da Kazaure da Gumel, Faransa da Ingila ne suka ja shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kuma har gobe akwai wanda gonarsa ke Nijar, gidan kakarsa ke Najeriya. Sannan yarjejeniyar zirga-zirga ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 1979 ta zo ta sa hatimi kan abin da muka saba: ɗan wata ƙasa a cikin ƙungiyar ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Sai muka ɗauka haka duniya take.

Ko wannan sauƙin ma da sharaɗinsa. Yarjejeniyar ta ce mutum ya riƙe takardar tafiya mai rai da karnen rigakafi, ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, kuma in zai wuce kwana 90 ya nemi izinin zama. Dattawa na tuna Janairun 1983, da gwamnatin Shagari a Najeriya ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su tattara nasu ya nasu. 'Yan Gana aka fi ambata, amma namu ma sun dawo da ƙullin kaya a ka. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar baki ɗaya, har yunwar lokacin ta samu suna El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 motoci suka koma bi ta Ɗan Barto da Maimujiya da Tinkim.

Tambayar da ake ta yi a fada da tasha ita ce, tunda mun fita daga CEDEAO, yanzu sai da biza za a je Kano? A'a. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ce CEDEAO ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da kartidantite na ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar mutanensu su shiga su zauna ba biza, har zuwa wata sanarwar. Ƙasashen ukun, da suka kafa tasu ƙungiyar mai suna AES, su ma tun Disambar 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan CEDEAO. An sanar da sabon fasfon AES, tare da cewa tsohon na nan da ƙarfinsa har ranar ƙarewarsa, don haka ba sai ka jefar da naka ba. Sai dai a lura da wannan "har zuwa wata sanarwar". Abin da a da yake haƙƙi a rubuce, yanzu alfarma ce da ake iya janyewa. Da ƙasashen da muke cin sefa ɗaya da su, irin su Togo da Senegal da Kodebuwa, akwai igiya ta biyu, domin Nijar ba ta fita daga ƙungiyarsu ta UEMOA ba, ita ma tana da ƙa'idar zirga-zirga. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan.

Arewacin Afirka kuwa wani labari ne daban. Maroko da Tunisiya na karɓar ɗan Nijar ba biza don ziyara ta ɗan lokaci. Aljeriya da Libiya, waɗanda muka haɗa rairayi da su, sai da biza. A nan mutanen jiharmu suka fi shan wuya. Ba wanda zai manta Oktoban 2013, da aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance. A Nuwamban 2023 aka soke dokar 2015-36 wadda ta haramta jigilar 'yan ci-rani, motoci suka koma fita daga Agadas da rana tsaka. Wasu suka fassara hakan da cewa hanya ta buɗe. Dokar Nijar aka soke. Ta Aljeriya, ta 2008, mai hukunta shiga ba izini, tana nan daram, kuma motocinsu ba su daina zubar da mutane a wurin da ake kira Point Zéro ba, kilomita kamar 15 daga Assamaka, a tako sauran da ƙafa.

To, ga ƙasashen da ke neman biza, me suke dubawa? Mutum ya ga jerin takardu ya fi goma, ya ɗauka gasar tara takarda ce. Duk tarin nan amsar tambaya biyu ake nema a ciki: me ka je yi, kuma yaushe za ka dawo? Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Ma'aikacin ambasad so yake ya tabbata kai raɓar ce, rana na ɗagawa za ka bushe, ba ruwan da zai kwanta a tsakar gidansu ba. Amurka ma ta rubuta shi ɓaro-ɓaro a dokarta ta 1952, sashe na 214(b): duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne, sai in shi ya nuna ba haka ba. Wato tun kafin ka buɗe baki ana zarginka, kai za ka wanke kanka. Takardar aiki da ta hutu, takardar aure, takardun haihuwar 'ya'ya, rajistar kasuwanci, takardar fili, tsofaffin tambura na tafiye-tafiyen da ka yi ka dawo, dukkansu igiyoyi ne da ke nuna akwai turken da zai ja ka gida.

A nan tsarin ke cutar irin mutanenmu, kuma ba zan ɓoye cewa yana ba ni haushi ba. Alhajin da ke da shanu ɗari a daji, da sito cike da wake da riɗi, da bashin miliyoyi a hannun abokan ciniki a Dawanau, a idon ambasad bai kai ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ke faɗawa banki duk wata ba. Dukiyar da ba ta hau takarda ba, ba su ganinta. Ga adashi, ga kuɗi a akwatin ƙarfe, ga aike ta kamfanonin tura kuɗi, duk ba su bar sawun da ake so ba. Dabarar da mutane ke yi kuma ta fi cutar muni: a ranto miliyan biyar a zuba cikin asusun da ya shekara yana barci, a ciro takarda washegari. Wanda aikinsa ke nan daga safe zuwa yamma, kallo ɗaya zai yi ya gane. Abin da yake nema shi ne shige da fice na wata uku zuwa shida wanda ya yi kama da sana'ar da ka ce kana yi. Ɗan kasuwar da ke da niyyar zuwa Gwangzu ko Istanbul baɗi, bana ya kamata ya fara bi da cinikinsa ta banki, ya yi rajista, ya riƙa ajiye takardun haraji da na duwan.

Turai ce aka fi tsara abin dalla-dalla, don haka bari in tsaya a kanta. Ƙasashe 29 ne ke cikin tsarin Shengen, biza ɗaya ke shiga dukkansu, amma a ambasad ɗin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, ba wadda aka ce maka ta fi sauƙi ba. Kuɗin dosiye yuro 90 ne tun Yunin 2024, jaka 59 ke nan da 'yan canji, yara masu shekara 6 zuwa 12 rabin haka. Kuɗin dubawa ne, ba farashin biza ba: a ba ka, a hana ka, sun tafi. Sai asirans na rashin lafiya da zai iya ɗaukar yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20. Kar lambar ta tsorata ka, ba ita za ka biya ba, iyakar abin da kamfanin zai ɗauka ne in ciwo ya kama ka can. Fasfo ya zama yana da aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fito, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Ana iya ajiye dosiye tun wata shida kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Za a ɗauki zanen yatsunka goma, su yi aiki har wata 59. In aka hana ka, za a ba ka takarda da aka yi wa dalilin alama, kana da damar ɗaukaka ƙara, kuma labarin hanin na zaune a kwamfutarsu shekara biyar, duk ƙasashen na gani. Wanda Sifen ta hana ya ruga Italiya da sabon labari, kansa ya yaudara.

Mu kuma da ƙarin wahala a kai. Ƙofar da aka fi sani a Yamai ta Faransa ce, ta daina ba da biza bayan juyin mulki, aka rufe ambasad ɗin kwata-kwata a farkon Janairun 2024. Mai dalilin zuwa Faransa, ɗalibi ko mara lafiya, sai ya nemi ofishinta a wata ƙasar, ya biya kuɗin mota da masauki tun bai san amsa ba. Amurka kuwa a Disambar 2025 ta sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta dakatar da shigar mutanensu daga 1 ga Janairun 2026, Yamai ta rama da irin wannan. Harkar biza tsakanin gwamnatoci ramuwar gayya ce, talaka ne ke shan ƙurar. Duk wanda ya ce maka a irin wannan yanayi yana da hanya ta ciki, kuɗinka yake so.

In bizar ta fito, a zauna a karanta ta, kar a tsaya ga murna. Lambobi biyu ke rikita mutane. Akwai ranakun da bizar ke da rai, daga kaza zuwa kaza. Akwai kuma adadin kwanakin zama. Ana iya ba ka biza mai rai wata shida amma kwanan zama 30, kuma 30 ɗin ake ƙirga maka. Sai yawan shiga: sau ɗaya, sau biyu, ko MULT, wato ba iyaka. Mai sau ɗaya da ya leƙa wata ƙasa a wajen Shengen, ya ƙone bizarsa ko da kwana uku ya ci a ciki. Mai MULT kuma akwai ƙa'idar kwana 90 cikin kowane 180. Misali ka shiga 1 ga Maris, ka fito 29 ga Afrilu, ka ci 60. Ka koma 1 ga Yuni, saura 30, wato 30 ga Yuni ya same ka a filin jirgi. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. A da sai ɗan sanda ya bi tambura yana lissafi da yatsa, wani lokaci ya yi kuskure ya bar ka ka wuce. Tun 12 ga Oktoban 2025 suka fara sa na'urar da ke ɗaukar fuska da yatsu a bakin iyaka, ita ke lissafin, kuma ba ta jin "don Allah". Dubai ma haka: kowace rana da ka ƙara, tarar dirhami 50.

Amma gaskiya, cikin mutum goma da suka zo mini da maganar biza a garin nan, ba Paris ce a zuciyar yawancinsu ba. Makka ce.

Wata gwaggona ta zo gida bayan la'asar, ta kwance bakin mayafi ta fiddo takarda. Wani ya ce mata ta biya kuɗin umarar azumi, in ta isa ta laɓe gidan 'yan uwa a Makka har Zulhajji, ta yi hajji da rabin kuɗin kujera. Ta ce, "Ɗan nan, ai haka su Hajiya babba suka yi, suka dawo da haƙorin Makka lafiya lau." Na ce, "Gwaggo, gaskiya ne sun yi. Amma Makkar da suka sani ba ita ce ta yau ba."

Hajji da ƙididdiga ake yinsa. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da mutum ɗaya cikin kowane dubu, Saudiyya ke raba kujerun. Rabon Nijar a shekarun nan kujera 15,891 ne, hukumar COHO ke kula da su tare da ajans-ajans da ta amince da su. Bizar hajji ta wannan hanya kaɗai take fitowa, kuma tana tafe da katin Nusuk, wanda shi ne shaidarka a shingayen shiga Makka da Mina da Arfa, shi ke ba ka tanti da bas da abinci. Bizar umara tana ba da zama har kwana 90, amma akwai ranar da ake rufe ta kafin hajji. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida ce, 29 ga Afrilu, kowane mai umara ya fice. Bizar ziyara da ta yawon buɗe ido da ta kasuwanci kuwa a rubuce yake cewa ba a hajji da su. Hukuncin da suka sanar a 2025 shi ne tara har riyal 20,000 ga wanda aka kama, kusan sefa miliyan 3, a kai shi tarhil, wato a koro shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɗauke shi a mota ko ya ɓoye shi, har riyal 100,000. Ka ga 'yan uwan da Gwaggo ke son laɓewa gidansu ma ta jefa su cikin wuta.

Ba tarar ce ta fi damuna ba. A hajjin 2024 zafi ya kusa maki 52 a Makka. Ministan lafiyar Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji. Dalilin a fili yake: mara kati ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da bas, yana gudun 'yan sanda, ko jiri ya kama shi yana tsoron zuwa likita. Da ƙafa yake zuwa Arfa cikin wannan rana. Gwaggo tana da shekara sama da 60 da hawan jini. Na karanta mata lambobin, ta yi shiru, ta naɗe takardarta. Ba ta ce ta haƙura ba, amma dai umara ta yi ta dawo da Sallah.

Masu zuwa aiki su ma su san bizar aiki tana ɗaure da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ka, shi ke yi maka iƙama, katin izinin zama. Ka gudu daga gidansa ya kai rahoton hurub, wato na gudu, sai ka zama abin farauta. Yarinyar da aka ce za a kai aikatau da bizar umara ko ta ziyara, tun daga filin jirgi an yi mata rajistar zama takari ba ta sani ba.

Akwai wata matsala tamu ta gida da ba a cika magana a kai ba, alhali tana kayar da dosiye da yawa: suna. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Mahamadou, a takardar lakwal Mahaman, a banki Mamane, wanda ya aiko masa takardar gayyata daga Masar ya rubuta Mohamed. Mu mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta mutum huɗu ta gani. Ga waɗanda ba a yi wa takarda ranar haihuwa ba sai daga baya a kotu, aka rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, aka mayar da su duka 'yan 1 ga Janairu, wani lokaci shekarar da ke kartidantite ta saɓa wa ta fasfo. Kafin a kai ga ambasad, a baza takardun a tabarma, haihuwa da nasiyonalite da kartidantite da fasfo, a bi su harafi harafi. Abin da ke cikin fasfo shi ne sunanka a duniya, shi za a kwafa a tikiti da asirans da kowane fom, ko da an rubuta shi yadda ba ka so. In kuskuren babba ne, a gyara tun daga tushe, a kotu ko magajin gari. Yaro da zai fita da uwa ita kaɗai ko da kawu, a haɗa masa takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma.

Karnen rigakafi kuma, don Allah a bar sayen na bakin tasha. Allurar shawara sau ɗaya ake yi. Tun 11 ga Yulin 2016 takardarta ta zama ta har abada, ba sabuntawa duk shekara goma kamar da, sai dai ba ta fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Masu kai mara lafiya Indiya su kiyaye wannan, domin wanda ya sauka daga ƙasa irin tamu ba karne, ko da karnen da bai cika kwanakinsa ba, ana iya killace shi har kwana shida, ga mara lafiya na jiran tiyata. Saudiyya na neman mahajjata su yi allurar sanƙarau mai kariya daga iri huɗu, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isowa. Mu da sanƙarau ke ziyarta da bazara, bai kamata sai Balarabe ya tilasta mana ba.

Ban ce a guji masu ajans ba. Mutumin Magarya ko Gure da bai iya karatun boko ba, ba shi da katin biya ta intanet, dole wani ya cika masa fom ya kama masa randebu, kuma akwai masu yin aikin tsakani da Allah. Bizar Dubai ma galibi ta hannun kamfanin jirgi ko otel ko ajans take bi. Abin da mai ajans ba zai iya ba shi ne yanke hukunci. Wanda ya ce "biza tabbas", ko ya ce a ba shi fasfo ya riƙe sai an cika kuɗi, ko ya ƙi faɗa maka wace irin biza ya nema maka, ka karɓe kayanka. Wanda ya ƙirƙiro maka takardar aiki ko ta otel ta ƙarya, ranar da asiri ya tonu yatsunka ne a kwamfuta, ba nasa ba. Bizar waya kuma ana iya tantance ta a shafin hukumar ƙasar da lambar fasfo kafin a yanki tikiti. Ka sa ɗanka ɗan jami'a ya duba maka, minti biyar ne.

Na Kawu mai ajans ɗin bai yi ƙarya ba, bizar gaskiya ce. Kawai bai ce masa ranar fasfo na tafiya ko ana makoki ba. Kafin sabon fasfo ya fito, kwana 60 na shiga da bizar sun cika, sai da aka sake biyan wata, kamfanin jirgi ma ya ci nasa na canjin rana. Bayan wata uku ya tafi. Da ya dawo na je yi masa barka da sauka, na tarar ana ta kwance dilolin shadda a zaure. Na tambaye shi yadda ya ƙare da ƙofa ta uku.

Ya ce, "Wani yaro ne da farin rawani, ko gemu bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi fasfo, ya ce kwana nawa. Na ɗaga masa yatsu goma, na ƙara biyu. Ya ce in kalli wata 'yar fitila, ya buga." Ya jawo fasfon daga aljihun gaba ya nuna mini bangon ledar da ya sa masa. A jiki ya manna farar takarda, ya rubuta da ajami watan da zai kai shi sabuntawa, wata bakwai kafin fasfon ya mutu.